Neman matuƙin jirgin Kano

A Nuwamban 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano: DH.9A guda uku na sojan Ingila, daga Masar. Irinsa nake haɗawa a ɗakina nan Riyad, ɗan mitsitsi, kashi ɗaya cikin 72.

Matuƙin ne ya ba ni wahala. Yawancin 'yan mutum-mutumin da ake sayarwa na yaƙin duniya na biyu ne, fuskarsu rufe da bututun numfashi. Wannan jirgi kuwa kujerarsa a buɗe take, hular fata da tabarau kawai ake sawa. Wata biyu ina neman abin da bai kai santimita uku ba! Ɗana, haifaffen Riyad, bai taɓa ganin Kano ba. Da wannan jirgin zan fara ba shi labarinta.