Shirun da Ba na Shata Ba

A zaurukan cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari, 'yar rediyo mai cin memori ta gaji kaset. Ni ma ita nake saurare, sai dai kunnena ya ƙi sabawa da wani abu guda. Masu tura waƙoƙi sukan yanka doguwar waƙa irin Bakandamiyar Mamman Shata gida-gida, na'urar kuwa takan ɗan yi tsit kafin ta kama yanki na gaba. Tsarin MP3 kansa yana barin ɗan gurbi a farko da ƙarshen kowane yanki. Shirun bai taka kara ya karya ba, amma yakan faɗo tsakanin jagora da 'yan amshi, inda kalangu bai taɓa numfasawa ba. Manazarcin da ya juyi waƙar daga irin wannan memori yana iya ƙirga ɗiya biyu inda Shata ya yi ɗa guda.

Ko wajen mutuwa kaset ya fi ladabi: batir ya yi sanyi, murya ta fara ja, mai sauraro ya shirya. Ita kuwa wannan, in an kwana biyu ba wuta, ana tsakiyar kirari take ɗaukewa, sai a aiki yaro wurin mai caji.