Na saki ɗakin haya, na tare a tirela

1/ Wata 7 ke nan ba ni da ɗaki. Mai gida ya ƙara min haya a Panshekara, sai na kai kayana wajen Umma, na tare a tirelar da nake wa yaron mota.

2/ Fata muke ɗauka daga Challawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa, kusan kilomita 1,000. Gadona na bayan kujerar Oga. Dukiyata kaf: jarka biyu, risho, sallaya, gidan sauro.

3/ Ina ganin bidiyon Amurkawa masu zama a mota bakin teku, abin sha'awa. To ni ma bakin tekun nake kwana fa. Kwana 9 muka yi a layin shiga tasha. Wanka da kuɗi, sauro ba tausayi, barci rabi saboda ɓarayin batir.

4/ Jiya Umma ta kira: "Auta, yanzu ina ne gidanka?" Wallahi na rasa amsa.

5/ Kuɗin hayar nake tarawa in yi lasin. Ranar da na kama sitiyari, ɗaki zan nema kusa da ita. Ku sa ni a addu'a.