Inda Ake Yanke Farashi, Nan Ne Tsakiyar Gari

Sau uku dillalin filaye yana sallama a ƙofar gidan dattijon cikin wata guda, kuma kowane zuwa sai ya ɗora wani abu a kan tayin da ya yi a baya. Gonar da yake nema ba ta da wani girma. Gado ce, tana ƙasar Dawakin Tofa, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga inda rumbunan ajiyar Dawanau suka tsaya a yanzu. Akwai kuka ɗaya a tsakiyarta da ɗorawa biyu a kan iyaka, kuma tun dattijon yana yaro ba a taɓa barin ta ta huta ko damina ɗaya ba. Wani attajiri ne yake son gina sito a kanta.

Babban ɗansa, wanda yake aiki a wani ofishi a tsakiyar Abuja, ya zo gida takanas saboda maganar. Bayan sallar la'asar suka zauna a zaure.

"Baba, ni dai a ganina a sayar," in ji shi. "Kuɗin nan sun fi abin da gonar za ta bayar a shekaru masu yawa. Wurin bayan gari ne, ba kullum za a samu mai taya shi haka ba."

Dattijon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To, in bayan gari ne, me ya sa mai kuɗi yake aiko mini har sau uku? Kai da ka yi karatu, gaya mini, bayan wane gari ne?"

Ɗan bai sami amsa nan take ba, domin abin da ya sani da sunan cibiyar kasuwanci shi ne wanda yake gani ta tagar ofishinsa: hedikwatar Babban Bankin Nijeriya, dogayen benayen kamfanin man fetur na ƙasa, da tituna masu faɗi waɗanda aka zana a takarda tun kafin gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991. Haka mafi yawan ma'aikata suka ɗauki abin: inda benaye suka fi tsawo, nan ne tsakiyar birni.

Masana tsara birane suna da wasu alamomi da suke gane irin wannan unguwa da su. A nan ne hanyoyi suke haɗuwa, a nan ne ƙasa ta fi tsada, kuma jama'ar da ke cikinta da rana sun ninka masu kwana a cikinta sau da yawa. Tsohuwar unguwar kuɗi ta Landan misali ce: faɗinta bai wuce kimanin mil ɗaya murabba'i ba, mazaunanta a ƙidayar 2021 ba su kai 10,000 ba, amma fiye da mutum 500,000 ne suke aiki a cikinta. A 1925 wani masani a Jami'ar Shikago, Ernest Burgess, ya zana birni kamar zobba, wani cikin wani, ya sa unguwar kasuwanci a tsakiya. Dogon bene yana biyo bayan tsadar ƙasa ne: idan kowa yana son wuri ɗaya, kuma ba halin faɗaɗawa, sai a yi sama. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa kowa yake son wurin tun farko.

Tarihin Shikago ɗin kansa ya ba da amsa, kuma amsa ce da duk mutumin Dawanau zai gane. Hatsi da katako da dabbobi ne suka gina birnin kafin bankuna su cika shi. A 1848 'yan kasuwarsa suka kafa zauren cinikin hatsi, a daidai lokacin da jirgin ƙasa da hanyar ruwa suka fara kwararo alkama da masara daga gonakin yammacin Amurka. Cikin shekarun 1850 suka raba hatsi aji-aji gwargwadon ingancinsa, ta yadda takardar shaidar ajiya ta wadatar a yi ciniki ko ba a ga kayan da ido ba. Zuwa 1865 sun tsara ƙa'idojin sayen hatsin da za a kawo nan gaba a kan farashin da aka yanke yau. Benen da ake yawan kira na farko cikin dogayen benayen zamani, mai hawa goma, sai a 1885 aka kammala shi. Farashi da amana ne suka fara taruwa a wuri ɗaya, ƙarfe da siminti suka biyo su daga baya.

Idan aka auna Kano da wannan mudu, za a ga cibiyarta ba ta taɓa zama a wuri ɗaya har abada ba. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ake danganta wa kafa Kasuwar Kurmi a gefen Jakara. Ɗaruruwan shekaru nan ne ayarin raƙuma daga Sahara da fataken goro daga Gwanja suke sauke kaya, Fage kuma tana zango. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Da layin dogo ya iso a 1911, sai nauyin ciniki ya karkata gabas, wajen ganuwa. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da tashar jirgi, 'yan kasuwar Siriya da Labanan suka zauna a wurin da ya zama Kantin Kwari, Sabon Gari ya tashi da kasuwarsa, aka tara dalar gyaɗa tana jiran jirgi. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara da fataucin goro, amma gyaɗar layin dogo ce ta ɗaukaka dukiyarsa. Raƙumi ya yi Kurmi, jirgi ya yi Kwari da kewayenta.

Zamani na uku na babbar mota ne. Tirela ba ta iya juyawa a lungun Kurmi, kuma ba ta samun wurin kwana a cunkoson Sabon Gari. A 1985 aka kafa kasuwar Dawanau a gefen titin Katsina, inda fili yake da yalwa, hanya kuma ta miƙe zuwa Jibiya da Maraɗi. Ba Kano kaɗai ta yi haka ba. Faris ta kwashe babbar kasuwar abincinta daga tsakiyar birni zuwa Rungis a 1969, Landan ma ta fitar da kasuwar kayan lambu ta Covent Garden zuwa Nine Elms a 1974. Kaya masu nauyi da cin wuri kullum suna neman bakin gari. Sai dai Dawanau ba kaya kawai ta ɗauko ba, ta taho da ikon yanke farashi.

Wanda ya shiga kasuwar da kaka zai ga yadda abin yake. Motoci suna sauke masara da gero da dawa da wake da waken suya, wasu suna lodin riɗi da zoɓo da citta zuwa tashoshin jiragen ruwa na Legas. Riɗin yana ƙarewa a Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon kuma a Meziko, inda ake jiƙa shi a sha kamar yadda ake yi a Kano. 'Yan dako suna sauke buhu, mata suna tsince da sheƙa, masu ɗinkin buhu da masu awo kowa da sana'arsa. A tsakaninsu akwai dillali, wanda jarinsa shi ne sanin kowa: ya san wanda zai biya bayan mako biyu, ya san wanda buhunsa yake da tsakuwa a ƙasa, yana kuma karɓar la'adarsa a kan wannan sani. Farashin da aka tashi da shi da safe yana isa kasuwannin ƙauye ta waya kafin azahar, har manomin da bai taɓa taka Dawanau ba ya sayar da tiyarsa a kansa. Shi ya sa ake kiranta babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma.

Akwai wata hanyar gane cibiya: idan aka taɓa ta, nesa take jin zafi, idan kuma aka taɓa nesa, ita take fara ji. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin da aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, masu sayen da suka saba zuwa daga Maraɗi da Damagaram suka ragu, kuma magidanta a can suka gani a farashin tiya. A Fabrairu 2024, da tsadar abinci ta yi tsanani, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta. Ko wane ne yake da gaskiya, abin lura shi ne inda hukuma ta nufa da ta tashi neman wurin da farashi yake fitowa.

Ke nan dattijon yana da gaskiya. Gonarsa tana bakin ɗaya daga cikin cibiyoyin kasuwancin Kano, kuma tayin dillalin shaida ce. Amma wannan gaskiyar tana tafe da asararta.

Ƙasar da ta kewaye Kano ba irin kowace ƙasar noma ba ce. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a kanta tun shekarun 1960, ya nuna yadda jama'a masu ɗimbin yawa suke rayuwa a kan ƙananan gonaki da ake nomawa kowace shekara ba hutu, kuma ba su mutu ba. Sirrin shi ne taki da itatuwa da dabbobi. Jakuna suna kai itace da hatsi birni da rani, su dawo da mangala cike da takin bola da toka. Harawar wake da karan dawa suna ciyar da tumaki da awaki, su kuma su mayar wa gona da kashinsu. Irin wannan ƙasa aikin kakanni ce, an yi ta ne da hannu shekara bayan shekara. Tun 1826 Bajamushe von Thünen ya bayyana cewa ƙasar da ke kusa da kasuwa takan koma hannun abin da ya fi biya. A da, abin da ya fi biya a bakin Kano shi ne noma mai taki. Yau sito da fuloti da gidan mai sun fi shi biya, kuma gonar da aka zuba wa kankare ba ta sake fitar da dawa. Kasuwar hatsi tana cin gonar hatsi.

Wanda ya fi asara shi ne mai sayarwa da wuri. Yana karɓar kuɗinsa sau ɗaya, a raba tsakanin magada, a yi aure, a gyara ɗaki, a sayi babur, hauhawar farashi ta cinye saura. Mai siton kuwa yana karɓar haya kowace shekara, darajar filin kuma tana ƙaruwa a hannunsa. Wanda ya ƙi sayarwa ma ba a ce ya tsira ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma idan aka karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kansa ce, kamar gini da amfanin gona da itatuwa. Manomin da ba shi da takarda, shaidarsa kuka da ɗorawa da dagaci, shi ne mafi rauni a duk inda ake wannan lissafi.

Abin da Dawanau take buƙata daga masu tsara gari shi ne a ɗauke ta a matsayin da ta riga ta kai. Cibiya tana son hanyoyin ciki da tirela za ta bi da damina, magudanan ruwa, motar kashe gobara a kusa, ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi, da takardar ajiya da banki zai karɓa ya ba da bashi a kanta, irin abin da Shikago ta yi tun shekarun 1850. Tana kuma son iyaka: a faɗi inda sito zai tsaya da inda gona za ta ci gaba da zama gona, kafin dillalai su yanke wannan hukunci fuloti bayan fuloti.

Da aka idar da sallar isha'i, ɗan ya sake tayar da maganar, amma da wata murya daban.

"Baba, in kun yarda, kada a sayar. A ba shi hayar gefen da ke kallon hanya na wasu shekaru sanannu, ya gina sitonsa, a rubuta a gaban dagaci da shaidu, lauya ya duba. Ni zan nemo mai awon ƙasa, a fara neman takardar gonar gaba ɗaya."

"Da 'yan'uwanka mata a cikin takardar," in ji dattijon. "Hakkinsu yana ciki."

"Da su, Baba."

"Attajirin zai iya ƙi."

"Zai iya. In ya ƙi, wani zai zo."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya san dillalin ba zai ji daɗi ba, domin la'adar haya ba ta kai ta sayarwa ba, ya kuma san cikin ƙannensa akwai wanda ya riga ya lissafa abin da zai yi da kasonsa, kuma shawo kansa sai an sha fama. Washegari da sassafe, kafin ɗan ya kama hanyar Abuja, suka taka zuwa gonar tare. Dawar ta sunkuyar da kai, saura kwana kaɗan a yanke. Daga inda suke tsaye suna jin ƙarar tireloli a titin Katsina, dattijon kuma yana nuna wa ɗansa da sanda inda yake ganin ya kamata igiyar mai awo ta tsaya, taku ashirin kafin kuka.