Hoton aji da saitin kyamara

Iyaye da yawa kan ce hotunan da aka yi mana a lakol zamanin fim sun fi na ƴaƴanmu fitowa tar. Ni ma ina da hoton ajinmu, ina kuma ji da shi. Amma ban yarda cewa kyamarar wancan lokaci ta fi ta yau iya saiti ba.

Dabarar ai ɗaya ce. Tun 1985, da Minolta ta fito da kyamararta 7000 mai saita hoto da kanta, har zuwa manyan kyamarorin dijital masu madubi na Canon da Nikon, wani ɗan ƙaramin madubi ne ke tura haske ƙasa, wajen na'urar da ke auna nisa. Wato inda ake awo daban, inda hoto ke sauka daban. Idan tazarar biyu ta saɓa ko da kaurin gashi ne, sai saitin ya faɗa kan kunnen yaro, idonsa ya yi dishi-dishi.

Wannan kuskure yana nan tun zamanin fim, ganinsa ne ba mu yi. Fim ɗin milimita 24 ne da 36, a wanke shi a takarda santimita 10 da 15, an ƙara girmansa wajen sau huɗu ke nan. Wa zai ga aibu a nan? Yau kuwa hoton megapiksel 24 yana da ɗigo 6000 a faɗinsa. In ka ja shi har ƙarshe a kwamfuta, tamkar ka manna hancinka ne a hoto mai faɗin fiye da mita guda. Da an yi wa hoton ajinmu haka, da mushe kansa bai tsira ba.

Shi ya sa nake jin tausayin mai hoton da ake hana wa kuɗinsa don uba ya ja hoto da yatsu biyu a salula ya ga hazo. A duba shi a girman da za a wanke shi tukuna.

Malamin da ke riƙe da kyamarar makaranta kuwa, ya gwada ta: ya ɗauki rubutun allo sau ɗaya yana leƙawa ta ido, sau ɗaya yana kallon gilashin baya, wanda ke awo a daidai inda hoto ke sauka. In na biyun ya fi fitowa a kai a kai, awon madubi ne ya goce. Tun 2007 wasu kyamarorin Canon da Nikon ke da wurin gyara wannan. Ranar hoton aji mai layi uku kuma, ya tsuke ƙofar haske zuwa f/8, ya saita a layin tsakiya.