Eriya a Fili, Eriya a Ɓoye: Tsakanin Manchester da Kafanchan

Duk wanda ya taɓa kai motarsa wurin rewaya don a cire masa tsohuwar rediyo a sa allon Android, ya ga wata 'yar aba baƙa mai kusurwa huɗu, girmanta kamar kwalin ashana, da doguwar waya siririya a jikinta. Ita ce eriyar GPS, mai karɓo saƙon taurarin ɗan'adam har allo ya nuna wa direba inda yake. Tun da zama ya kawo ni Manchester a Ingila na lura cewa inda ake ɗora wannan 'yar aba yana tona abin da mai mota ya fi tsoro. Direban Ingila yana neman wurin da za ta ga sama ba tare da ta kare masa titi ba. Mai mota a Kafanchan kuwa, musamman idan na'urar bin sawun mota ce, wadda muke kira tiraka, cewa yake yi: "Don Allah Oga, ka ɓoye ta inda ko ni ba zan gano ba." Kowannensu da hujjarsa. Sai dai taurarin da suke nema ɗaya ne, kuma sharaɗinsu ba ya sauyawa don an ƙetare teku.

Taurarin GPS na rundunar sojan Amurka ne. Suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana, kuma an tsara kada yawansu ya gaza 24. Kafin na'ura ta san inda take, sai ta ji daga aƙalla 4 a lokaci guda. Farar hula ba su fara cin moriyarsu sosai ba sai a watan Mayun 2000, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina rage ingancin saƙon da gangan. Yau wayoyi da yawa suna sauraron Galileo na Tarayyar Turai, da GLONASS na Rasha, da BeiDou na Sin. Amma dukkansu kafin saƙonsu ya iso ƙasa ya yi rauni ƙwarai. Yana ratsa roba da yadi da gilashin da ba a shafa wa komai ba, amma ba ya ratsa ƙarfe, ga shi kuma jikin mota kusan duk ƙarfe ne. Shi ya sa masu ƙera motoci suke kai eriya kan rufi, cikin ɗan tozon nan da ake gani daga baya. Idan rufi bai samu ba, sai can gaban dashbod kusa da gilashi, fuskarta na kallon sama. Ƙarfe a ƙarƙashinta taimakonta yake yi, a samanta kuwa ya toshe ta ke nan.

A Ingila doka ce ta fara shiga maganar. Ba a yarda wani abu ya kare wa direba ganin titi ba, kuma a binciken lafiyar mota na shekara-shekara da suke kira MOT, wanda ya wajaba a kan motar da ta cika shekara 3, akwai wani zirin gilashi mai faɗin santimita 29 daidai gaban sitiyari da ake dubawa da tsanani. Saboda haka masu koyar da tuƙi sukan ce a manna na'ura a ƙasan gilashi ta kusurwar dama, gefen da direbansu yake zama. Mu a gida da muka koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, kusurwar hagu ce tamu. Tun Disamban 2017 bin umarnin na'urar nuna hanya ya shiga jarrabawar tuƙi, mai jarrabawa ne yake zuwa da ita ya ɗora da kansa. A watan Maris na 2022 aka ƙara tsaurara dokar riƙe waya a hannu, wadda hukuncinta tarar fam 200 ne da maki 6 a lasisi, kuma maki 6 sun isa a soke lasisin wanda bai cika shekara biyu da samunsa ba. Wanda ya taso a cikin irin wannan tsari, da wuya ka gan shi da waya a cinya yana leƙen taswira.

Sanyi ma ya kawo musu tasa matsalar. Motoci da yawa, musamman na kamfanin Ford, suna da siraran wayoyi a cikin gilashin gaba don narkar da ƙanƙara, wasu motocin Faransa kuma an shafa wa gilashinsu wani ɗan ƙarfe mai kore zafi. Dukansu biyu suna iya raunana saƙon tauraro. A irin gilashin na biyu akan bar wurin ɗigo-ɗigon nan na bayan madubi ba shafe, nan ne ake manna eriya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin irin waɗannan motocin ne suke tsufa a Turai su iso mana da sunan Beljiyam.

Idan Beljiyam ta iso, sau da yawa tana da na'urarta ta asali da tozonta a rufi, amma taswirar da ke ciki ta Turai ce ko Amurka, ba ta san Zonkwa ba balle Manchok. Sai a je wurin rewaya a sa allon Android. A nan ake yawan yin kuskure. Don aiki ya fita tsaf ba waya a fili, sai a naɗe eriyar a cusa ta bayan allo, tsakanin ƙarafan da suka riƙe dashbod. Mai mota ya fita, taswira ta yi ta laluben inda take, ya ce kayan jabu ne. Alhali da an manna ta a ƙarƙashin robar saman dashbod tana kallon sama, da ba a ga waya ba, da kuma ta yi aiki.

Tiraka ta fi wuyar sha'ani, domin ana so ta ji sama amma ido kada ya gan ta. Tsoron satar mota da ƙwace a hanya ba wasa ba ne ga mai bin Kachia zuwa Kaduna ko Kwoi zuwa Keffi. To amma ɓoyon da ya kai ta ƙarƙashin bonet ko cikin but ya kuɓutar da ita daga ɓarawo, ya kuma raba ta da tauraro. Ga zafin inji, ga ruwan damina. Wuraren da suka dace su ne waɗanda roba ko soso kaɗai ya rufe. Wani abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne eriya biyu ce a cikin tiraka: ɗaya tana jin tauraro, ɗaya tana aika labari ta layin waya. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna daga ƙarshen Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, tiraka a can ta san inda mota take sarai, amma ba ta da hanyar gaya wa mai ita. Ita kuwa taswirar da aka sauke a waya tun daga gida ba ruwanta da layi, tauraro kaɗai take nema.

Sama ma ba iri ɗaya take mana ba. Hanyar taurarin GPS ta karkata da digiri 55, don haka a Manchester, da ke arewa da digiri 53, akwai babban yanki na sararin arewa da ba sa bi. Kafanchan kuwa ba ta kai digiri 10 daga tsakiyar duniya ba, taurari suna bi mana ta kowane ɓangare har da tsakar ka. Wannan alheri ne, amma yana nufin rufin mota yana iya kare mana su, balle idan an ɗora masa kariya ta ƙarfe an loda buhunan citta. Baƙin gilashi mai haɗin ƙarfe shi ma yana rage saƙo. A gindin duwatsun Kagoro dutse yana cinye wani sashe na sama, a dajin Nimbiya kuma jiƙaƙƙen ganye yana raunana abin da ya rage. Sannan ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya suna fama da wata hargitsewa a can saman sararin samaniya bayan faɗuwar rana, wadda takan sa saƙon GPS ya riƙa yankewa. Ga kuma ranar bazara: wayar da aka manna a gilashi takan yi zafi har ta kashe kanta, robar mannawa ta saki. Ɗan Ingila yana iya barin wayarsa a gilashi. Mu ya fi mana mu maƙala ta a bakin iskar na'urar sanyaya mota, ko wani wuri mai inuwa da bai yi nisa da gilashi ba, kuma ba a kan jakar iska ta kariya ba.

Bambanci mafi girma shi ne yawan amanar da aka ba na'urar. A Ingila lambar gidan waya kaɗai za ka rubuta ta kai ka bakin layin da kake nema. A gida kwatance muke yi da fadar Sarkin Jama'a, da tashar jirgin ƙasa, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Taswira ba ta san gadar da ruwa ya ci jiya ba, ba ta kuma san hanyar da ba a bi bayan magariba ba. Direbobin tasha da 'yan acaba ne suka sani, shi ya sa har gobe matambayi ba ya ɓata. A nan Ingila na sha ganin labarin manyan motoci da suka maƙale a ƙananan hanyoyin ƙauye don direba ya bi allo ido rufe. Wannan ɗabi'a ba abar koyi ba ce.

Abin koyi shi ne yadda mutanen Ingila suka ɗauki wurin ɗora na'ura a matsayin maganar rai. A gida ma hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta hana amfani da waya a lokacin tuƙi, amma har yanzu ana ganin direba da sitiyari a hannu ɗaya, taswira a ɗayan, fasinjoji cike da mota. Makarantun koyon tuƙi na Kafanchan za su iya koyar da wannan a darasi guda. Ƙungiyoyin rewaya su ma za su iya mayar da shi ƙa'idar aiki, a daina miƙa makulli sai an fitar da mota fili, an buɗe allon da ke nuna yawan taurarin da eriya take ji, mai mota ya gani da idonsa. Shi kuma mai mota yana da haƙƙin ya tambaya: ina ka sa ta, me ke samanta? Idan amsar ƙarfe ce, a sake wuri tun kafin a biya kuɗin aiki, domin ranar da aka nemi tiraka ba ranar gyara ba ce.