Bin sawun 'yan tawayen Dublin

Taro ne ya kai ni Dublin, babban birnin Ayilan, a watan Oktoba, lokacin da yayyafi ba ya barin garin ya bushe. Mai masaukina, wani ƙanen abokina da ke aikin jinya a can, shi ya tsokano zancen muna cin tuwon semo da daddare. Ya ce, "Yaya, abokan aikina kullum sai sun yi musu, wai mutanen da suka yi wa Ingila bore a 1916 'yan gurguzu ne ko kuwa 'yan kishin ƙasa ne kawai." Da aka tashi daga taron sai na ɗauki laima na shiga gari da ƙafa.

Na fara da gida mai lamba 14 a titin Henrietta, wanda yanzu gidan tarihi ne. Attajirai aka gina wa shi a shekarun 1740, kuma har yau ana ganin zanen ado a silin. Amma ƙidayar 1911 ta samu mutum 100 cunkushe a cikinsa. An datse manyan ɗakunan da katako, iyali guda a kowane lungu, bangon zaure an shafe shi da wani shuɗi da ja da suka dafe. Na tsaya a matakalar da babu haske, sanyi na ratsa takalmina. A irin waɗannan gidaje talakawan Dublin suke zaune, kuma a Satumbar 1913 biyu daga cikinsu suka rufta a titin Church, mutum 7 suka mutu.

Daga nan gangarowa ce zuwa titin O'Connell, inda mutum-mutumin Jim Larkin yake tsaye ya ɗaga hannuwa sama. Shi ya jagoranci ma'aikata a 1913, sa'ad da masu kamfanoni, ƙarƙashin William Martin Murphy mai jiragen taragon birnin, suka kori kusan mutum 20,000 daga aiki saboda ƙungiyar ƙwadago. Wata biyar ana yunwa, daga ƙarshe ma'aikata suka koma ba su samu komai ba. Murphy kansa ɗan kishin ƙasa ne a irin tasa fahimtar. Arthur Griffith, wanda ya kafa jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta Sinn Féin a 1905, shi ma bai ɓoye ƙiyayyarsa ga Larkin ba. Tun a nan amsar ta fara fitowa.

Taku kaɗan ne zuwa babban gidan waya, inda Patrick Pearse ya karanta takardar shelar jamhuriya ranar 24 ga Afrilu, 1916. Na karanta kwafinta a hankali. Ta ce ƙasar mallakin mutanenta ce, ta yi alkawarin daidaita haƙƙi da dama ga kowa, maza da mata. Ba ta ce uffan a kan albashi ko masu masana'anta ba. Pearse malamin makaranta ne, mai riƙo da ɗariƙar Katolika da harshen Ayilan. Ya tausaya wa ma'aikata a 1913, kuma rubutunsa na ƙarshe ya nuna dukiyar mutum ba ta fi ƙarfin al'umma ba, amma abin da ya kwana da shi a zuciya 'yancin ƙasa ne. Magabatan 'yan boren ma haka. Wolfe Tone na boren 1798 lauya ne da juyin-juya-halin Faransa ya burge, ya kuma nemi goyon bayan marasa dukiya tun kafin a san wani abu gurguzu. 'Yan Fenian na boren 1867 sun yi kuka da masu gonaki, har Karl Marx ya tsaya wa fursunoninsu, amma ƙungiyarsu ta rantsuwar sirri ce don korar Ingila.

A bakin kogin Liffey na samu wanda ba a musu a kansa. Gaban ginin Liberty Hall, kusa da gadar jirgin ƙasa, mutum-mutumin James Connolly na tsaye, bayansa garma da taurari, tutar rundunar ma'aikata ta Citizen Army. An haife shi a unguwar talakawa ta Edinburgh a 1868, ya kafa jam'iyyar gurguzu ta 'yan jamhuriya a 1896, kuma ra'ayinsa a fili yake: canza tuta ba tare da taɓa masu jari ba aikin banza ne. A Liberty Hall aka buga takardar shelar. Amma mutanensa da suka fito yaƙin ba su wuce 200 da 'yan kai ba, sauran sama da 1,000 'yan sa-kai ne na wani ɓangaren.

Kurkukun Kilmainham sai da na hau mota. A farfajiyar da fursunoni ke fasa dutse aka harbe mutum 14 daga cikin 'yan boren tsakanin 3 da 12 ga Mayu, 1916. Akwai baƙaƙen gicciye biyu a ƙasa. Ɗaya yana can ƙurya, ɗayan kusa da ƙofa, inda aka harbe Connolly, domin ba ya iya tsayawa saboda harbin da ya samu a ƙafa. A motar asibiti aka kawo shi, aka ɗaure shi a kujera.

Na ƙarasa da Mansion House, inda majalisar farko ta jamhuriyar ta zauna ranar 21 ga Janairu, 1919. Ta amince da wani shirin kyautata wa talaka da Thomas Johnson na jam'iyyar ma'aikata ya tsara, bayan Seán T. O'Kelly ya rage masa kaifi. An karanta, an tafa, an ajiye. Sai a ƙarshen shekarun 1970 masu haya na ƙarshe suka bar gidan nan na Henrietta.

Da na dawo, mai masaukina ya ce, "To Yaya, me zan gaya musu?" Na ce ya gaya musu Connolly da rundunarsa 'yan gurguzu ne, ko su ba su ɓoye ba. Sauran kuwa tafiya ce ta haɗa su, kuma su ne suka gaji mulkin.