Muryata a bakin ɗana

Yau ba sanarwar taro na kawo muku ba.

Ranar Asabar ina alwala a tsakar gida sai na ji ɗana mai shekara biyar yana daka wa ƙanwarsa tsawa: "Sau nawa zan faɗa miki?" Ya ɗaga silifas sama. Na miƙe da niyyar in mare shi, sai jikina ya yi sanyi. Kalmomin nawa ne, da su nake yi wa yayansa faɗa. Har yadda ya karkatar da kai irin nawa ne.

Nan na tuna darasin da aka yi mana lokacin muna difloma, kan Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka. A 1961 shi da abokan aikinsa sun yi gwaji da yara 72, maza 36 mata 36, 'yan shekara uku zuwa kusan shida. Wasu sun kalli wani babba yana jibgar 'yartsanar roba mai suna Bobo, yana buga mata guduma, yana harbin ta da ƙafa. Da aka bar yaran da 'yartsanar, waɗanda suka ga dukan sai suka kwaikwaye shi, har da maganganun da babban ya furta. Babu wanda ya ce su yi. Gani kawai suka yi.

Amma gwajin 1965 ya fi tsaya mini a rai. Yaran da suka ga an hukunta mai dukan a fim sun rage kwaikwayo. Da aka yi musu alƙawarin 'yar kyauta idan suka nuna abin da suka gani, sai suka yi shi kamar sauran. Ashe hukunci bai hana su koyo ba, ɓoye abin kawai suka yi. To ni da na tashi in mari yaro don ya daina duka, me zan koya masa?

Akwai masu cewa ai 'yartsana ce, don a dake ta aka yi ta, kuma da gaskiyarsu. Sai dai ƙanwarsa ba ta roba ba ce.

Na karɓe silifas ɗin, na zaunar da shi, ban taɓa shi ba. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, kai ma ka ji muryarka ko?"

Jiya da magariba na sake ɗaga wa yayansa murya kan kuɗin aike. Ina waiwayawa sai ga ƙaramin a bakin ƙofa, ya zuba mini ido.